GULBIN ƘANƘARA: Abin Da Masu Hali Ke Biyan Miliyoyi Su Gani Kafin Ya Narke

 Duk wanda ya taɓa yin azumi cikin bazara a jahar Maraɗi ya san darajar ƙanƙara. Da la'asar ta yi za ka ga yara da kuloli da buhuna suna bin layi a ƙofar masu firiji, a Cadawa ko Tibiri ko Gidan Runji, in kuwa aka yi rashin sa'a wuta ta ɗauke tun da safe, to ƙullin da aka saba saye da araha sai kuɗinsa ya ninka, kuma a yi ta rububinsa. Mai lamurje da mai zoɓo da mai fura duk sun san cewa ranar da babu ƙanƙara ciniki rabi ne.

To amma akwai ƙasashen da Allah ya hore wa ƙanƙara har ta zama gulbi, tana gangarowa daga kan duwatsu tana faɗawa cikin teku, kuma akwai mutanen da ke tara kuɗi shekara da shekaru domin kawai su shiga jirgin ruwa su je su tsaya gabanta su kalla. Ƙungiyar kamfanonin irin waɗannan jirage ta ce a shekarar 2024 mutum miliyon 34.6 suka yi tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa a faɗin duniya, wato sun fi al'ummar Nijar baki ɗaya. Kaso mai tsoka daga cikinsu sun nufi ƙasashen sanyi ne, musamman Norwe a arewacin Turai da Alaska a arewacin Amurka. Wannan kasuwa ce babba, kuma yadda take tafiya akwai darasi cikinsa ga ɗan kasuwar Agye da ƴar kasuwar Gazawa. Bugu da ƙari, ƙanƙarar da suke zuwa kallo tana da alaƙa da jigawar da muke shuka hatsi bisa kanta, da kuma damanar da muke jira kowace shekara.

Mene ne gulbin ƙanƙara?

A ƙasashen sanyi, abin da ke sauka daga sama lokacin hunturu dusar ƙanƙara ce, fara fat, mai laushi kamar garin rogo. A kan dogayen duwatsu wadda ta sauka bara ba ta gama narkewa ba sai ta bana ta hau kanta. Shekara ɗari, shekara dubu, ana ta jibgawa, nauyin ta sama yana danne ta ƙasa har iskar da ke ciki ta fice, ta dunƙule ta koma ƙanƙara mai tauri. Idan kaurinta ya kai kamar mita 40 ko 50, sai nauyinta ya sa ta fara zamewa zuwa gangare. Uwargida ta san yadda tuwo mai zafi ke malala a hankali in an karkata akushi, to kusan haka abin yake, sai dai wannan tafiyar ido ba ya ganinta. Wani gulbin a yini ɗaya taƙi ɗaya yake yi, wani mita biyu. Wanda ya yi suna wajen sauri shi ne Sermeq Kujalleq na tsibirin Girinlan, wanda aka auna yana cin kimanin mita 40 a yini.

Girmansu kuwa sai wanda ya gani. Gulbin Hubbard da ke Alaska tsawonsa kilomita 122 ne, kamar daga Maraɗi zuwa Tasawa ke nan, bakinsa da ke fuskantar teku kuma ya kai faɗin kilomita 10. Kimanin kashi 10 cikin 100 na doron ƙasa ƙanƙara ce ta lulluɓe shi, kuma kusan kashi biyu cikin uku na ruwan daɗi na duniya, wanda ba na gishiri ba, a daskare yake cikinta. Launinta ma abin mamaki ne, domin tsohuwar ƙanƙara da ta sha danniya shuɗiya ce kamar an tsoma ta a marina, saboda tana shanye jan haske ta mayar da shuɗi.

Idan gulbin ya iso teku, sai gaɓarsa ta dinga tsagewa tana ɓallewa, gunduma-gunduma, wata ta fi gidan bene girma. Waɗannan su ne duwatsun ƙanƙara masu yawo bisa ruwa, waɗanda kashi ɗaya cikin goma kawai ke fitowa fili, sauran na nutse. Irin wannan ne jirgin Titanic ya ci karo da shi a watan Afrilu na 1912, mutum kusan 1,500 suka halaka.

Kwarin da teku ya cika

Ƙanƙarar da ke tafiya tana jan duwatsu da tsakuwa a ƙarƙashinta, tana niƙa dutsen da take bi kamar yadda ɗan dutse ke cin uwar dutsen niƙa har tsakiyarta ta lotsa. Cikin dubban shekaru sai ta haƙa kwari mai zurfi, mai gaɓa a tsaye kamar bango. Da duniya ta ɗumama ƙanƙarar ta janye, sai ruwan teku ya kwararo ya cika kwarin. Wannan lungun teku mai ratsa tsakanin duwatsu shi mutanen Norwe ke kira fiyod, kuma sunan ya bi duniya. Ana samunsa a Norwe da Alaska da Kanada da Girinlan, haka kuma a can kudancin duniya, a Cile da Niyu Zilan.

Mafi girma a Norwe shi ne Sognefjord, wanda ya kutsa cikin ƙasa har kilomita 205, saura kaɗan ya kai tafiyar Maraɗi zuwa Damagaram, zurfinsa kuma ya haura mita 1,300. Wannan zurfin ne ke ba manyan jirage damar shiga har ƙurya. Wanda ya fi suna wajen kyau kuwa shi ne na Geiranger, mai tsawon kilomita 15, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin kayan gadon duniya a 2005, jerin da tsohon birnin Agadas ya shiga a 2013. A can ruwa ke zubowa daga saman duwatsu ta ko'ina, har akwai wurin da rafuka bakwai ke zuba a jere, ana kiransu ƴan mata bakwai ƴan uwa ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen wurin da arziki aka haife su. Kakanninsu talakawa ne, manoma da masunta, waɗanda ƙarancin fili ya sa suka kafa gonaki a kan ƴan tudun da ke maƙale jikin dutse. Gonar Skageflå tana mita 250 sama da ruwa, kuma ana ba da labarin cewa iyaye kan ɗaure yara ƙanana da igiya don kada su gangara, sa'annan in an hango mai karɓar haraji tafe sai a janye tsani a yi shiru. Ashe dai gudun mai haraji ba a kasuwanninmu aka fara shi ba. Haka kuma jirgin ruwa a gare su motar kasuwa ce kafin ya zama abin shaƙatawa. Tun 1893 jiragen Hurtigruten ke bin gaɓar ƙasar da wasiƙu da kaya da fasinja, kuma hanyar ta kai tsayawa a tashoshi 34 tsakanin Bergen da Kirkenes.

Akwai ma abin da ya haɗa kasuwarmu da wannan gaɓar. Busasshen kifin nan mai tauri kamar icce da Inyamurai ke kira okporoko, wanda ake gani a Sabon Garin Kano, mafi yawansa daga Norwe yake fitowa. A tsibiran Lofoten ake rataye shi bisa katako daga watan Fabrairu, iska mai sanyi ta busar da shi wata uku ba tare da gishiri ba, sa'annan a ɗaure kawunan a buhu a aika Najeriya. Wani ɓangare na ɗanyen kifin katan da mata ke soyawa a bakin tasha shi ma daga waɗannan tekuna masu sanyi ake kamo shi.

Gari guda bisa ruwa

Dattawanmu da suka yi aikin hajji ta ƙasa sun san jirgin ruwan da ke tsallakar da alhazai daga Sudan zuwa Jidda. Na yawon buɗe ido ya sha bamban da wancan. Babba daga cikinsu tsawonsa ya wuce mita 300, benensa hawa goma sha wani abu, yana ɗaukar fasinja 3,000 zuwa 5,000 ban da ma'aikata fiye da dubu. A ciki akwai ɗakunan kwana da gidajen abinci da shaguna da likita da wurin wanka, har da gidan wasa. Tafiyar yawanci mako ɗaya ce, tsakanin watan Mayu da Satumba. Kuɗin mutum guda ba ya rasa ɗaruruwan jikkuna na sefa, ɗaki mai baranda kuwa yakan haura miliyon, ban da kuɗin jirgin saman da zai kai mutum tashar.

Wurin da ya fi shahara a Alaska shi ne Glacier Bay, wanda gomnatin Amurka ta keɓe tun 1925, ta mai da shi gandun ƙasa a 1980. Doka ta taƙaita manyan jirage biyu kawai ke shiga a yini. Da sassafe ma'aikatan gandun ke zuwa da ɗan kwalekwale su hau jirgin ta tsanin igiya yana cikin tafiya, su yini suna yi wa fasinja bayani ta lasifika. Ba a sauka. Jirgin yana kutsawa a hankali tsakanin ɓarɓashin ƙanƙara har ya iso gaban gulbin Margerie, wanda faɗinsa ya kai kilomita ɗaya da rabi, tsayinsa sama da ruwa kuma ya kai bene mai hawa ashirin. Nan direba zai tsayar da jirgi a ɗan nesa kamar awa guda, yana juya shi sannu-sannu domin na dama da na hagu kowa ya samu rabonsa.

Waɗanda suka je sun ce abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne ƙara. Wurin shiru yake, sai can ka ji wani abu ya fashe kamar bindiga, ko ya yi rugugi kamar tsawar farkon damana. Da yake haske ya fi sauti gudu, sau da yawa kafin ƙarar ta iso kunne gaɓar ta riga ta faɗa ruwa, sai tsirin ruwa da igiyarsa kawai za a gani. Shi ya sa mutane ke tsayawa cikin sanyi da manyan riguna, ido a kafe, kowa na jiran sa'arsa.

A arewacin Norwe kuma akwai wani abin al'ajabin. A birnin Tromsø, daga wajen 20 ga Mayu har bayan tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa sam, tsakar dare ma tana nan a sama. A tsakiyar hunturu kuma sai ta yi kusan wata biyu ba ta fito ba. Musulmin birnin da yawa, bisa fatawar malamai, lokacin Makka suke bi wajen salla da azumi in irin waɗannan kwanaki suka zo. Ikon Allah ya wuce tunanin ɗan Adam.

Baƙi dubu biyar, wa ya ci riba?

Alhaji da Hajiya, ga inda zancen ya zo gidanmu. A ce yau motoci sun sauke baƙi dubu biyar a kasuwar Gazawa, kowa da kuɗi a aljihu, ai za a ce kaka ta yi. To amma in baƙin nan da tuwonsu suka zo, a mota za su kwana, kuma mai motar ya riga ya gaya musu shagon da za su shiga domin yana da kamasho a can, me ya rage wa mai ƙosai da mai tabarma? Wannan ita ce matsalar da ƙananan garuruwan bakin fiyod ke fama da ita.

Ƙauyen Geiranger mazaunansa ba su wuce 250 ba, amma dubban ɗaruruwan baƙi ke sauka a cikinsa kowace shekara. Juneau, babban birnin Alaska, mutanensa kimanin 32,000 ne, ya karɓi fasinjojin jirgi fiye da miliyon 1.6 a 2023. Fasinjan ya riga ya biya kuɗin ci da kwana a jirgi, awoyi kaɗan yake yi a ƙasa. Yawon da za a kai shi cikin gari sau da yawa a jirgi ya saye shi, kamfani ya cire kasonsa. Da yawa daga cikin shagunan gwal da agogo da ke jere a bakin tashoshin Alaska na baƙin ƴan kasuwa ne, waɗanda da sanyi ya shigo suke rufewa su bi jiragen zuwa tsibiran Karibiyan. Ɗan gari kuwa shi ke shan hayaƙi da cunkoso da tsadar haya.

Mutanen wuraren ba su naɗe hannu ba. A 1999 ƴan Juneau suka kaɗa ƙuri'ar sanya harajin dala 5 bisa kan kowane fasinja, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. Daga 2024 suka yi yarjejeniya da kamfanoni cewa manyan jirage biyar kawai za su tsaya a yini. A watan Oktoba na wannan shekarar aka kawo shawarar hana jirage zuwa ranar Asabar gaba ɗaya, amma masu ƙuri'a suka ƙi, domin da yawansu abincinsu a nan yake. Majalisar Norwe kuma tun 2018 ta yanke cewa jirgin da ke fitar da hayaƙi zai daina shiga fiyod ɗin da ke cikin jerin UNESCO. Daga baya aka tsara cewa dokar ta hau kan ƙananan jirage daga Janairun 2026, manya kuma aka ɗaga musu ƙafa zuwa 2032.

Misalin da ya fi dacewa a yi nazarinsa shi ne na ƙabilar Tlingit ta garin Hoonah, gari mai mutum ƙasa da dubu. Kakanninsu a cikin Glacier Bay suke zaune, har ƙanƙara ta taso ta kore su kimanin shekaru 300 da suka wuce. Jikokin suka haɗa kai a kamfanin da suka mallaka tare, suka gyara wata tsohuwar masana'antar kifin gwangwani da aka gina a 1912, suka buɗe tashar jiragensu mai suna Icy Strait Point a 2004. Tashar tasu ce, yawancin ma'aikatan ƴan gari ne, riba kuma tana komawa ga masu hannun jari na ƙabilar. Wanda ya san yadda ayar Agye da Cadawa ke barin hannun manomi da araha lokacin kaka, ta je ta yi tsada a hannun wani a ƙetaren iyaka, ya san bambancin mai kaya da mai riƙe da bakin hanya. Matan da suka haɗa asusu suka ajiye ayarsu ko wakensu a mangaza ɗaya har farashi ya tashi, dabarar mutanen Hoonah suke yi ko da ba su taɓa jin sunan garin ba.

Darasi na biyu ya zo a 2020, lokacin annobar korona, da babban jirgi ko ɗaya bai je Alaska ba. Garin Skagway, wanda kusan duk cinikinsa na fasinjan jirgi ne, ya wayi gari shaguna a rufe. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, haka mutanen Agadas suka ɗanɗana da baƙi suka ɗauke ƙafa bayan tawayen 2007. Sana'ar da ta rataya ga ƙofa ɗaya, ranar da aka rufe ƙofar sai a kwana da yunwa.

Kyau da haɗari

Duwatsun da ke burge masu kallo suna da nasu sharrin. A 1934 wani ɓangaren dutse ya zame ya faɗa cikin fiyod na Tafjord a Norwe da dare, igiyar ruwan da ta taso ta kashe mutum 40. Kusa da Geiranger akwai dutsen Åkernes da ke tsagewa sannu a hankali, an kewaye shi da na'urori dare da rana domin a kwashe jama'a kafin ya faɗo. A watan Maris na 2019 injunan jirgin Viking Sky suka mutu cikin guguwa a gaɓar Norwe da mutum 1,373 a ciki, sai da jirage masu saukar ungulu suka kwashe fiye da 470 ɗaya bayan ɗaya. Ranar 10 ga Agustan 2025 kuma dutse ya zame a Tracy Arm na Alaska, wurin da jirage ke yawan shiga, ruwa ya haura jikin dutsen da ke fuskantarsa sama da mita 400. Allah ya taƙaita abin ya faru da asuba, ba a rasa rai ba. Masana sun ce ƙanƙarar da ke tokare da gindin irin waɗannan duwatsu in ta janye, sai su rasa madogara.

Jigawarmu da ƙanƙararsu

Wani zai ce, to mu da ke Gangara ko Cadakwari ina ruwanmu da wannan? Masana ilimin ƙasa sun ce kimanin shekaru miliyon 445 da suka wuce yankin da yake Sahara a yau yana can ƙuryar kudancin duniya, ƙanƙara ta lulluɓe shi. Har gobe a tudun Jado, arewa maso gabashin Nijar, da kudancin Aljeriya, akwai shimfiɗaɗɗun duwatsu masu ɗauke da zanen da ƙanƙara ta karce lokacin da take wucewa, iri ɗaya da wanda ake gani a Norwe.

Na kusa-kusa kuma ya fi shafarmu. Kimanin shekaru 20,000 da suka wuce ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da Kanada, ruwan teku ya ragu da wajen mita 120. A daidai wannan zamanin damana ta yi rauni a Afirka ta Yamma, hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomitoci, iska ta yi ta tara tuddan rairayi a ƙasar Hausa. Wani masani Bature mai suna A. T. Grove ya yi rubutu kan waɗannan tsofaffin tuddai tun 1958. Jigawar da ake shuka hatsi da gyaɗa da aya a Agye da Gazawa ragowar irin wannan rairayin ce da ciyawa da itatuwa suka kama suka zaunar. Bayan ƙanƙarar ta janye sai ruwa ya dawo da ƙarfi, tsakanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce. Tafkin Cadi ya zama kamar teku, raƙuman dawa da dorina suka yi kiwo a inda yake Tenere a yau. Faɗin kwarin Gulbin Kaba, wanda yanzu goruba ta fi ruwa yawa a cikinsa, shaida ce ta irin ruwan da ya taɓa bi ta nan. Ke nan abin da ya taɓa ƙanƙarar arewa ya saba taɓa damanarmu.

Tana narkewa

Lokacin da ayarin Kyaftin George Vancouver ya ratsa ta bakin Glacier Bay a 1794, bangon ƙanƙara kawai suka tarar. Da John Muir ya je a 1879 ta ja baya kusan kilomita 50. Yau jirgi sai ya yi tafiyar kimanin kilomita 100, kusan Maraɗi zuwa Gazawa, kafin ya iske ta. Farkon wannan janyewar yanayi ne na Allah da ya juya, amma a zamaninmu hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da masana'antu da motoci ke fitarwa ya ƙara wa duniya zafi, har kusan ko'ina gulaben ƙanƙara raguwa suke yi. Kaɗan ne irin Hubbard da suka ci gaba da turowa. A Afirka ma, dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya ya rasa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙararsa tun 1912, kuma rahoton UNESCO na 2022 ya ce da wuya ta kai 2050. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kare gulaben ƙanƙara, da 21 ga Maris a matsayin ranarsu. Abin takaici, jiragen da ke kai mutane su gani kafin ta ƙare suna cikin masu ƙona mai da yawa.

Ruwan da ya narke teku yake tafiya. Tun 1900 teku ya ƙaru da kimanin santimita 20, kuma ƙanƙarar Girinlan kaɗai in ta narke duka za ta ɗaga shi mita 7, ko da yake wannan aikin ɗaruruwan shekaru ne. Nijar ba ta da teku, amma shinkafa da sukari da atamfa da gwanjon da ke cika shagunanmu ta tashoshin Kwatano da Lome da Legas suka saba shigowa, kuma garuruwan nan uku duk a ƙasa-ƙasa suke, teku na cin gaɓarsu. Duk kuɗin da aka kashe wajen kare tasha, a ƙarshe kan buhu yake sauka. Haka zalika a 2017 wasu masana na Faransa suka fitar da binciken da ya nuna cewa in ƙanƙarar Girinlan ta narke da sauri, ruwan daɗin da zai kwarara cikin tekun Atlantika zai iya rage ƙarfin damanar Sahel, ya ƙuntata ƙasar da ake noman hatsi da dawa. Hasashe ne na lissafi, amma ya yi daidai da abin da ya taɓa faruwa a tarihi.

A yanzu dai abin da muke gani shi ne zafi mai tsanani da ruwa mai zuwa da hauka. Dattawa ba su manta fari na 1973 da yunwar 1984 ba, ga kuma ta 2005 da ta fi tsanani a jaharmu. Sai ga shi a 2024 ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyon ɗaya a Nijar, fiye da 300 suka rasu, jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin Damagaram ma ya rushe. Tarihi ya nuna Gulbi ba ya wasa, domin ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon garin Maraɗi daga kwari ya koma kan tudu.

Abin da ke hannunmu

Hayaƙin da ke narkar da ƙanƙara ba mu muka tara shi ba, rabon Nijar a ciki ɗan mitsitsi ne, kuma haƙƙin shugabanninmu ne su ci gaba da faɗin haka a tarukan duniya. Amma akwai abin da manoman wannan yanki suka yi wanda duniya ta zo koyo. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya fara aiki da manoman Maraɗi kan barin tohon kututture a gona a gyara shi maimakon a sassabe, dabarar ta bazu har masu bincike suka ƙiyasta itatuwa miliyon 200 bisa hekta miliyon 5 a kudancin Nijar. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kan wannan, baƙi daga ƙasashe daban-daban sun zo ganin gonakinsa. Gawo da kalgo da sabara da ke tsaye a gona su ke riƙe jigawa kada ta koma yawo kamar yadda ta yi a zamanin ƙanƙara.

Saboda haka mai sayen icce da mai sayar da shi su duba daga ina ya fito. Masu saƙar tabarma da faifai su tuna cewa in aka yanke kabar Gulbi tun tana ƙarama ba a bar wasu sun zama goruba ba, jikoki ba za su samu abin saƙa ba. Mai gina mangaza ya guji hanyar ruwa ko da filin ya yi araha, ya ɗaga daɓe, ya ɗora buhu bisa katako kafin watan Agusta. Mata kuma su riƙe asusunsu da ƙungiyoyinsu da kyau. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya sa wa kasuwa albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.